Kogin da Aka Ɗauke da Ciwon da Ya Biyo Baya: Tarihin Mutanen Pima na Arizona

A shekarar 1963 wata tawagar likitoci daga Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ta sauka a yankin ƙabilar Pima, cikin hamadar Arizona, kudu da birnin Finiks. Ba ciwon suga ne ya kai su ba. Amosanin gaɓɓai suke bincike, suna so su gane ko yanayin wuri na da hannu a cikinsa, shi ya sa suka ɗauki ƙabilar Blackfeet ta jihar Montana mai tsananin sanyi don su gwada ta da mutanen da ke zaune cikin zafi da bushewa. Da yake an riga an ɗebi jinin jama'a, sai aka auna har da sukarin da ke cikinsa. Abin da ya fito ya sa maganar gaɓɓai ta koma gefe.

Shekara biyu bayan haka aka kafa bincike na dindindin, wani likita ɗan Ingila mai suna Peter Bennett yana cikin jagororinsa. Duk bayan shekara biyu ana gayyatar kowa a yankin, daga ɗan shekara biyar zuwa sama, a auna nauyinsa, a ba shi ruwan sukari ya sha, a ɗebi jininsa, a duba idonsa da ƙodarsa. Haka aka yi ta yi har 2007. A 1978 masu binciken suka bayyana cewa yawan sababbin masu kamuwa da ciwon suga a cikin Pima ya ninka na garin Rochester da ke jihar Minnesota sau 19, kuma kusan rabin waɗanda suka haura shekara 35 suna fama da shi. A lokacin ba a san wata al'umma a duniya da ta kai su ba.

Abin ɗaure kai shi ne ciwon baƙo ne. Masanin halittar ɗan Adam Aleš Hrdlička, wanda ya zagaya yankin a farkon ƙarni na 20, mutum ɗaya tak ya rubuta yana da shi a cikinsu. A 1937 shahararren likitan suga na Boston, Elliott Joslin, ya bi asibitocin Arizona ya ƙirga 21 a cikin Pima, bai ga wani abin tayar da hankali ba. Ko an yarda cewa awon wancan zamani bai kai na yanzu ba, tazarar ta yi yawa. Ƙwayoyin gado ba sa sauyawa cikin shekara talatin. Wani abu dabam ne ya sauya, kuma sai an koma bakin kogi za a gan shi.

Akimel O'odham ne Pima suke kiran kansu, kuma Kogin Gila ne rayuwarsu. Tun kafin Turawa su san da wanzuwar nahiyar, mutanen da masu tonon tarihi ke kira Hohokam, waɗanda Pima ke ɗauka kakanninsu, sun haƙa magudanan ruwa masu tsawon ɗaruruwan kilomita da sanda da dutse, ba ƙarfe ba dabbar aiki. Wasu daga cikin magudanan birnin Finiks na yau a kan sawun nasu aka bi. Pima suka gaji wannan sana'a: su tare kogi da itace da kirare, su karkato ruwa zuwa gonakin masara, kabewa, auduga da wani ƙaramin wake mai jure fari. Kowane ƙauye na da mai kula da rabon ruwa, kuma yashe magudana aikin gayya ne. A daji suna tsinko 'ya'yan itacen miskit, wanda ɗan uwan ƙirya ne, su daka su yi gari, su haɗa da tohon tsirran hamada masu ƙaya da kifin kogi da naman farauta. Masu nazarin abinci da suka bi diddigin wannan cimaka sun ƙiyasta cewa maiƙon da ke cikinta bai wuce kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari ba, kuma hatsin nasu irin mai sakin sukari a hankali ne.

Wani limamin Katolika, Eusebio Kino, ya iso wurinsu a 1694, kuma ta hannun irinsa alkama ta shigo. Alkama ta dace da su ƙwarai, domin da sanyi ake shuka ta, lokacin da gonakin masara ke hutawa, sai girbi ya zama biyu a shekara. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 ƙauyukan Pima sun zama rumbun hamada. Rundunar Janar Kearny da ta bi ta nan a 1846 a wurinsu ta yi guzuri. Dubban masu tururuwa neman zinariya a Kalifoniya a 1849 a nan suke yada zango, da yawansu a galabaice, a ciyar da su a shayar da su. Kamfanin kekunan doki mai kai wasiƙu da sojojin gwamnati a lokacin yaƙin basasar Amurka duk alkamar Pima suke saye. A 1859 aka keɓe musu yankinsu a hukumance, na farko a Arizona. Takardar ta yi maganar ƙasa, ba ta yi maganar ruwa ba.

Nan gizo yake saƙa. Bayan yaƙin basasa baƙi fararen fata suka fara zama a saman kogin, a Florence da kwarin Safford, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa. Dokar filayen hamada ta 1877 ta ƙara musu ƙaimi, domin ta ba da fili da arha ga duk wanda ya yi alkawarin kai masa ruwa. A ƙarshen shekarun 1880 aka haƙa babbar magudanar Florence, sai fari ya biyo baya. Ruwan da ke isa gonakin Pima ya ragu, ya ragu, har kogin ya koma rairayi a mafi yawan shekara. Wasu iyalai suka yi ƙaura zuwa Kogin Salt. Waɗanda suka zauna suka shiga abin da har yau suke kira shekarun yunwa. Manoman da suka ciyar da runduna suka koma saran itace: suna sare miskit, itacen da ke ba su gari, su loda a amalanke su kai Finiks su sayar, har aka share dubban kadada na kurmi. An rubuta mutuwar mutane saboda yunwa a farkon ƙarni na 20. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1908 cewa duk yankin da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasa yana da haƙƙin ruwansa, amma hukuncin bai jiƙa gonar kowa a Gila ba.

Maimakon ruwa, gwamnati ta aiko da abinci: farar fulawa, sukari, kitsen alade, daga baya naman gwangwani da cuku. Da waɗannan mata suka riƙa ciyar da gida. A kwaɓa fulawa da gishiri da ruwa, a murza curi a tafin hannu har ya yi faɗin faranti, a jefa cikin tafasasshen kitse ya kumbura ya yi ja, kamar fanke mai faɗi, a ci da wake ko a yaryaɗa masa zuma. Yau wannan soyayyen burodi ya zama abincin biki, har baƙo ya ɗauka na kaka da kakanni ne, alhali ɗan rabon agaji ne.

An yi ƙoƙarin gyara, ko kuma a ce an yi kamar an yi. Majalisa ta amince da gina madatsar ruwa ta Coolidge a 1924, aka yi bikin buɗe ta a 1930. Ranar bikin tafkin ciyawa ce ta cika shi, har ɗan barkwanci Will Rogers ya ce da nasa ne da yanke ta zai yi. An yi lissafin ruwan ne da shekarun damina mai albarka, kuma tafkin ya ɗauki kusan shekara hamsin kafin ya cika. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashi samari zuwa soja da aikin albashi (Ira Hayes, ɗaya daga cikin sojojin da aka ɗauka hoto suna kafa tutar Amurka a Iwo Jima a 1945, ɗan Pima ne). Suka dawo ga mota da kanti da lemon kwalba. A cikin wannan zuri'a ce ƙiba ta bazu, suga ya bi ta.

To amma maƙwabtansu fararen fata ma fulawa da lemon suke sha, me ya sa nasu bai kai haka ba? Wannan tambaya ce ta kai masu bincike ga insulin, sinadarin da wata gaɓa a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ke fitarwa don ya sa tsoka da hanta da kitse su karɓi sukari daga jini. Tun 1936 likita Harold Himsworth na Landan ya nuna cewa masu suga iri biyu ne: waɗanda ba su da insulin, da waɗanda suke da shi amma jikinsu ba ya jin sa. Na Pima nau'i na biyu ne, ba gauraye.

A asibitin 'yan asalin ƙasa da ke Finiks an ware ɗakin bincike, inda masu sa kai ke kwana na kwanaki. A sa wa mutum allurar ƙarin ruwa biyu, ɗaya na zuba insulin daidai gwargwado, ɗaya na zuba sukari. Duk bayan 'yan mintoci a ɗebi ɗigon jini a auna, a ƙara sukarin ko a rage, don kada na jinin ya hau ko ya sauka. Wanda jikinsa ke jin insulin sai an yi ta zuba masa sukari, domin tsokarsa na zuƙewa. Wanda jikinsa ya bijire, kaɗan ya ishe shi. Da wannan awo Stephen Lillioja da Clifton Bogardus da abokan aikinsu suka nuna a 1987 cewa bijirewar tana bin gida: 'yan ɗaki ɗaya sukan yi kama da juna a kanta, ko da ƙibarsu ta bambanta. A 1993 suka ba da rahoton mutum 200 masu lafiya da aka bi kimanin shekara biyar, 38 suka kamu, kuma waɗanda awon farko ya nuna jikinsu ya fi bijirewa su ne suka fi faɗawa. An kuma lura cewa wanda iyayensa biyu suka kamu da wuri shi ne ya fi shiga haɗari, sannan ciwon ya fi yawa ga waɗanda jininsu bai gauraya da na Turawa ba. Gado dai akwai shi, ba mai musu.

A daidai wannan lokaci, 1988, Gerald Reaven na Jami'ar Stanford ya ce bijirewa insulin ba ta tafiya ita kaɗai: tana jawo hawan jini, da yawan wani nau'in kitse a jini, da ƙarancin kitsen da ke kare jijiyoyi, duka su taru su kai ga bugun zuciya. Daga baya aka ƙara teɓa cikin jerin. Pima sun ɗan ɓata wannan tsari. Duk da ƙiba da suga, ciwon zuciya bai yi musu yawan da aka zata ba, ƙoda ce ta fi shan wahala. Wani bincike na 1991 ya gano cewa alaƙar bijirewa insulin da hawan jini ta fito fili a fararen fata, amma ba ta fito a Pima da baƙaƙen fata ba. Haka kuma an sha lura cewa 'yan asalin Afirka ta Yamma kan kasance da bijirewar ba tare da kitsen jininsu ya hau sosai ba, abin da ya kamata likitocin Afirka ta Yamma su riƙa tunawa idan suna aiki da ma'aunin da aka yanka a kan jikin Bature.

Bayanin da ya fi karɓuwa ya riga binciken Pima zuwa da shekara ɗaya. A 1962 James Neel na Jami'ar Michigan, wanda shi ne a 1949 ya fayyace yadda ake gadon sikila daga uwa da uba, ya kawo hasashen "ƙwayar gado mai tattali". Tunaninsa shi ne: kamar yadda ɗaukar rabin gadon sikila ke kare mutum daga zazzaɓin cizon sauro, wataƙila gadon suga ma ya taɓa yin amfani. A zamanin da ƙoshi da yunwa ke karɓa-karɓa, wanda jikinsa ya iya adana kitse da sauri shi ke tsira, shi ke haihuwa. Da abinci ya wadata kullum, sai baiwar ta zama cuta. Labarin ya yi daɗin faɗi, ya kuma zauna daram a kan mutanen hamada, har ya shiga littattafan makaranta.

Sai dai daɗin labari ba hujja ba ne. Yunwar da tarihi ya tabbatar a Gila ta baya-bayan nan ce, kuma mutum ne ya haddasa ta. Kafin ita mutanen rarar hatsi suke sayarwa. Yunwa ba ta bar wata al'umma a duniya ba, har Turai, to me zai sa tattalin ya taru a wasu kawai? Neel da kansa ya ja da baya daga ainihin hasashen a rubuce-rubucensa na ƙarshe. A 2014 wasu masana suka duba wurare 65 na gadon ɗan Adam da aka danganta da suga, ba su ga alamar cewa tarihi ya fifita su gaba ɗaya ba. Akwai kuma wani lahani da ba na kimiyya ba: idan aka ce ciwon a jininsu yake, an wanke wanda ya tare kogin, an kuma sa matashi ya ɗauka cewa kamuwa ƙaddara ce da ba ta da makawa.

Amsa mafi ƙarfi daga tsaunukan Sierra Madre na Meziko ta fito. A ƙauyen Maycoba da ke jihar Sonora akwai wasu Pima, 'yan uwan na Arizona ta harshe da jini, waɗanda suka rabu da su ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Har farkon shekarun 1990 babu kwalta zuwa wurinsu. Suna noman masara da wake da dankali a gangaren dutse, maza na aikin katako, mata na niƙa da ɗiban ruwa. Da aka auna su a 1995, kashi 6.9 cikin ɗari ne ke da suga, a lokacin da na Arizona ke da kashi 38. Maƙwabtansu da ba Pima ba kashi 2.6. Waɗannan lambobi uku sun faɗi kusan komai: tazarar da ke tsakanin 2.6 da 6.9 ita ce iyakar abin da za a iya jingina wa gado a wannan wuri, ragowar kuwa ta rayuwa ce. Da aka koma bayan shekara 15, hanya da lantarki da kantuna sun iso, ƙiba ta ƙaru a Maycoba, suga ma ya fara hawa, har a cikin waɗanda ba Pima ba.

Farautar ƙwayar gadon kanta ta zo da ban haushi. An sa rai za a kama guda ɗaya babba, ba a samu ba. Ƙwayar gado TCF7L2, wadda masu bincike a Aisilan suka gano alaƙarta da suga a 2006, aka kuma tantance ainihin wurinta da taimakon jinin masu sa kai daga Najeriya da Gana, ita ce mafi ƙarfi a yawancin al'ummu, amma a Pima ba ta taka rawar kirki ba. An sami wani sauyi a ABCC8 da ke ninka haɗarin sau biyu, sai dai kusan mutum uku cikin ɗari ne ke ɗauke da shi. An sami wani a KCNQ1, wanda tasirinsa ya fi fitowa idan daga uwa aka gada. Abin lura, yawancin waɗannan ba bijirewar suke shafa ba, ƙarfin fankiriyas na fitar da insulin suke ragewa. Wato jiki na iya bijirewa shekara da shekaru ba suga, muddin gaɓar na iya ninka aikinta; ranar da ta gaza, ranar ciwo ke bayyana. A wasu wurare an yi sa'ar kamu mai tsoka. A Girinlan, a 2014, an gano sauyi a TBC1D4 da ke hana tsoka karɓar sukari kai tsaye, kuma wanda ya gaje shi ta uwa da uba haɗarinsa ya ninka kusan sau goma. A Samowa, a 2016, an gano sauyi a CREBRF mai ƙara ƙiba, wanda ya fi kowane kama da abin da Neel ya hango, amma masu ɗauke da shi sun fi sauran tsira daga suga.

Akwai kuma gadon da ba na ƙwayar halitta ba, kuma wannan ne ya fi tayar da hankali. David Pettitt da abokan aikinsa sun bi 'ya'yan matan Pima har suka girma. A tsakanin shekara 20 zuwa 24, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda uwarsu ke da suga lokacin da take ɗauke da cikinsu sun kamu. Waɗanda uwarsu ta kamu bayan ta haife su, kashi 8.6. Waɗanda uwarsu ba ta taɓa kamuwa ba, kashi 1.4. A shekarar 2000 Dana Dabelea ta gwada 'yan uwa ciki ɗaya, wa da ƙane: wanda aka haifa bayan uwa ta kamu haɗarinsa ya ninka na yayansa fiye da sau uku da rabi. Ciwon uba bai kawo irin wannan bambanci ba. Jariri da ya yi wata tara cikin jini mai yawan sukari yakan fito da nauyi, ya yi ƙiba da wuri, ya kamu da wuri. Idan mace ce, ta kamu kafin ta fara haihuwa, zagayen ya sake komawa. Da yawa daga abin da ake gani yana bin dangi a ce jini ne, a mahaifa aka same shi, kuma shi ana iya tare shi da awon ciki da kula da sukarin mai juna biyu.

Duniya ta ci moriyar haƙurin waɗannan mutane fiye da yadda ta sani. Ma'aunin da aka tsayar a 1979 da 1980 na cewa wane yana da suga wane ba shi da shi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka, an gina shi ne da taimakon alƙaluman Pima. Da yawa daga abin da aka sani game da yadda suga ke cin ƙoda da ido daga wurinsu aka koya. 'Yan asalin ƙasa na Arizona na cikin masu sa kai a babban gwajin rigakafi da aka bayyana sakamakonsa a 2002, wanda ya nuna cewa rage nauyi kaɗan da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, maganin metformin kuwa da kashi 31. Amma a Gila mutane sun daɗe suna tambaya, kuma da gaskiyarsu: shekara arba'in ana ɗibar jininmu, ina sauƙin?

Maganar ruwa kuwa a kotu da teburin sulhu ta yi ta jan ƙafa har Disamban 2004, lokacin da Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta tabbatar wa al'ummar Kogin Gila kimanin mita kubik miliyan 800 na ruwa a shekara, kaso mai yawa daga Kogin Kolorado ta doguwar magudanar tsakiyar Arizona. An gina sababbin magudanai na siminti, an sake sakin ruwa a wani ɓangare na tsohon kwarin kogin, wasu manoma sun koma shuka waken kakanninsu da tsohuwar alkamarsu suna sayarwa. Ruwan ya dawo bayan fiye da shekara ɗari, amma mafi yawan jikokin manoman ba manoma ba ne yanzu, kuma zagayen uwa da ɗa ba a karya shi da sa hannu a takarda. Hukumar lafiyar al'ummar tana gudanar da cibiyoyin wankin ƙoda biyu a yankin, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma.